A Koyar da Ilmin Na'ura da Sanda a Hannu

Daga cikin darussan kimiyya da ake karantar da yaranmu a ƙarshen firamare da ƙaramar sakandare, babu wanda ya kai babin sauƙaƙan na'urori sauƙin nunawa a zahiri, domin kayan da yake magana a kansu, tun daga gatari da almakashi har zuwa katakon da ake jinginawa a bayan mota a gangaro da ganga, suna nan a kowane gida da kowace kasuwa. Amma abin takaici, a yawancin makarantunmu an mai da shi babin hadda: malam ya zana a allo, yara su kwafa, su haddace cewa sanda mai matokari, wadda littafi ke kira liba, kashi uku ce, su zuba a takardar jarrabawa, alhali ko sau ɗaya ba a sa hannunsu ya ɗaga dutse da ita ba. Ra'ayina shi ne wannan hanya tana tauye haƙƙin yaro, kuma gyaranta bai fi ƙarfin kowace makaranta ba.

A dubi jigon da masu lambu suka daɗe suna ban-ruwa da shi a fadamun ƙasar Hausa, kafin injin ban-ruwa ya yawaita, jigon da Misirawa ma suka yi aiki da irinsa a bakin Nilu tun zamanin Fir'aunoni. Doguwar sanda ce aka ɗora a kan itace, aka ɗaura guga a dogon ɓangarenta, aka liƙa curin yumɓu ko dutse a gajeren. Mai lambu ya ja igiya ƙasa da nauyin jikinsa har guga ta cika, sa'an nan ya sassauta, curin ya rinjaya ya ɗago masa ruwan. In da za a tsai da yara a gaban wannan na'ura, a tambaye su dalilin da ya sa tilas curin ya fi cikakkiyar guga nauyi, da dalilin da ya sa guga ke yin doguwar tafiya shi kuwa curin motsinsa kaɗan ne, lalle da sun kama ƙa'idar da kansu kafin malam ya furta ta.

Ita ƙa'idar kuwa gajeriya ce. Nauyin kaya, idan aka riɓa shi da nisansa daga matokari, daidai yake da ƙarfin da aka sa idan aka riɓa shi da nasa nisan. Dutse mai kilo 60 da ke rabin mita daga matokari, yaron da ya danna sanda a nisan mita ɗaya da rabi zai ɗaga shi da ƙarfin kilo 20 kacal. Sai dai fa, kafin dutsen ya tashi santimita 10, sai hannunsa ya sauka santimita 30. A nan fa'idar darasin take, kuma nan ne aka fi tsallakewa: na'ura ba ta ba da aiki kyauta, abin da ta rage maka na ƙarfi sai ka biya shi da nisa. Wanda ya fahimci wannan tun yana ƙarami, ba zai ruɗe ba ranar da aka kai shi ga giyar keke ko jak ɗin ɗaga mota, domin mas'alar ɗaya ce aka sake mata tufafi.

Kada kuma a zaci wannan fanni baƙo ne ga al'adarmu ta karatu. Arshimidis, mutumin Sirakusa a tsibirin Sisili, wanda ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya kafa wa ƙa'idar hujja ta lissafi. Daga baya malaman Bagadaza da na wasu garuruwa suka ɗauka suka faɗaɗa, har Sabit bin Ƙurra ya wallafa littafi sukutum a kan ma'aunin da ake zame masa dutse bisa sanda, 'ya'yan Musa bin Shakir su uku suka rubuta Kitabul Hiyal mai na'urori kusan 100, al-Khazini ya rubuta Mizanul Hikma a Marwa, al-Jazari kuma ya kammala littafinsa a 1206 da bayanin na'urorin ɗaga ruwa. Waɗannan bayin Allah ba su ga ƙasƙanci ba wajen haɗa alƙalami da guduma.

Za a ce makarantunmu ba su da ɗakin gwaje-gwaje, ajin kuma ya cika maƙil, jarrabawa tana tafe. Gaskiya ne, kuma ban raina wahalar malami ba. Amma wannan babi, shi kaɗai cikin 'yan'uwansa, ba ya neman komai face rula da fensir da 'yan murafan kwalba: a ɗora rula a kan fensir, a sa murfi biyu a nisan santimita 5, a bar yaro ya lalubo inda murfi ɗaya zai daidaita su, har ya gano da kansa santimita 10 ne. Kashi ukun nan da ake haddacewa ma, da an kawo awartakin maƙeri da baro da hantsaki an jera, yaro ya nuna da yatsa inda matokari yake, da inda kaya yake, da inda hannu ke dannawa, da ba sai an yi masa bulala ya tuna ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantu su ware wa wannan babi aƙalla darasi guda a wajen aji, su gayyato maƙeri ko kafinta ko bakanike na unguwa ya zo da kayan aikinsa, masu tsara jarrabawar ƙarshen zango kuma su sa tambaya ɗaya wadda sai an riƙe sanda an gwada kafin a amsa ta.