Birki Ba Ya Tsinkewa Sai Ya Yi Sallama

Akwai wata magana da muka saba ji duk sa'ad da aka je gaida waɗanda suka yi hatsarin mota. Sai a ce, "Ai birki ne ya tsinke masa farat ɗaya." Da an faɗi haka kowa sai ya kaɗa kai, an rufe zance ke nan. Wani ya ce ƙaddara ce, wani kuma ya rage murya ya ce hannun maƙiya ne. Mu dai a ganinmu, wannan "farat ɗaya" sau da yawa ba gaskiya ba ce. Birki yakan yi sallama kafin ya tafi, wani lokaci ma ya yi makonni yana sallama, mu ne ba mu amsawa.

Ga abin da ya sa muka ɗauko zancen. Da daminar bara mun je jana'iza a kudancin Kaduna cikin jif ɗin wani ɗan'uwa, Highlander ce 'yar kwatano ƙirar 2005. Mu bakwai ne, a dawowa kuma aka ƙara mana buhun masara biyu. Da muka tsaya a wani shingen bincike, mai motar ya ɗora ƙafa a kan birki yana jiran layi, sai muka ji motar tana silalewa a hankali zuwa bayan wadda take gabanmu. Ya ɗaga ƙafa ya sāke takawa sau biyu da sauri, ta tsaya. Muka tambaye shi, ya yi dariya ya ce ai ta fi wata biyu tana yin haka, bakanike ya ce ya riƙa ƙara mai kawai. Har ya nuna mana kwalbar man birki a ƙarƙashin kujerarsa. Muka ce to man da kake ƙarawa ina yake zuwa, ko yana ɗiga a ƙasa? Ya ce bai taɓa ganin ko ɗigo ba inda yake ajiye motar. Da safiyar ranar nan kuwa, a cikin wannan mota muka gangara Hawan Kibo.

Kashegari aka kwance wurin, aka ga inda man yake tafiya. Amma domin a gane, sai mun ɗan bayyana yadda abin yake aiki, gama yawancinmu masu mota ba mu san kome a ƙarƙashin bonet ba sai wurin zuba ruwa.

In ka buɗe bonet ka duba ta gefen direba, can jikin bangon da ya raba inji da mazauni, za ka ga wani baƙin ƙarfe zagayayye mai kama da tukunyar da aka jingina. Shi ne busta. A gabansa an ɗaura wani guntun ƙarfe mai ɗauke da 'yar farar roba ta man birki a kansa. Shi ne kanikawa suke kira masta. Sa'ad da ka taka birki, busta yakan riɓanya ƙarfin ƙafarka, ya tura wani sanda cikin masta, masta kuma ya matsa mai ya bi ta bututu zuwa tayoyi huɗu. A motar fetur, busta yana samun ƙarfinsa ne daga zuƙar iskar da inji yake yi, ta wani tiyo mai kauri. Ƙananan robobi ne a cikin masta suke riƙe da man nan, waɗanda ba su fi zoben hannu girma ba. A kansu ne nauyin motar da ta haura tan ɗaya da rabi yake rataye, ban da mutane da buhuna.

Kowanne cikin biyun nan da irin sallamarsa. In robobin cikin masta sun gaji, sai ka taka birki ka riƙe, ka ji ƙafarka tana nutsewa sannu-sannu har ƙasa. Wani lokaci man ba ya ko raguwa, yana zillewa ne ta bayan robar a ciki. In kuwa robar baya ce ta lalace, man yakan tsiyaye kai tsaye cikin busta, ba ya taɓa ƙasa. Abin da ya sami motar ɗan'uwanmu ke nan. Man wata biyu ya taru a cikin tukunyar nan ya fara cin fatar robar da take ciki, saboda haka gyaran abu ɗaya ya zama na biyu. Shi kuwa busta, in ya lalace, akasin haka ake ji: birki ya yi tauri kamar ka taka dutse, sai ka miƙe a kansa kafin mota ta tsaya. Sau da yawa akan ji wani huci kusa da ƙafar direba, inji kuma ya riƙa rawa ko ya nemi mutuwa in an taka birki.

Gwajin nan biyu ba su bukatar sufana ko kuɗi. A kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, a riƙe shi da ƙafa, sa'an nan a ta da mota. In busta yana lafiya, za a ji birkin ya ɗan sauka ƙarƙashin ƙafa. In bai motsa ba, akwai magana. Sa'an nan, inji yana aiki mota tana tsaye, a taka birki da matsakaicin ƙarfi a riƙe kamar rabin minti. In ƙafa tana nutsewa, kada motar nan ta ɗauki iyali. (Wasu manyan jif irin su Land Cruiser da Prado na wasu shekaru suna da busta mai famfon lantarki, nasu gwajin dabam ne, a kai wa wanda ya san su.)

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Jif ɗin da muke alfahari da su, yawancinsu sun gama rayuwa ɗaya a Amurka ko Turai kafin su iso mana, wasunsu kuwa sun zo da ciwon da masu ƙera su da kansu suka amsa. A watan Oktoba na 2010 kamfanin Toyota ya yi kiran a dawo da motoci wajen 740,000 a Amurka kaɗai saboda wannan roba ta masta. A cikinsu akwai Highlander da Lexus RX330 na 2004 zuwa 2006, da Avalon na 2005 da 2006. Ku duba harabar kowane wurin biki a Jos ko Kaduna ku ƙirga irin waɗannan. Bayanin da kamfanin ya bayar shi ne, man birkin da suka zuba tun daga masana'anta yana da wani sinadari mai sa santsi, in aka canza da wanda ba shi da isasshen sinadarin, robar takan bushe ta naɗe, mai ya fara yoyo. A wannan wata kuma Honda ta kira Odyssey na 2005 zuwa 2007 a kan irin wannan matsala. A watan Mayu na 2022 Mercedes ta gaya wa masu ML da GL da R na 2006 zuwa 2012, wajen motoci 292,000 a Amurka, su daina tuƙa su sam sai an duba, domin danshi yana taruwa ƙarƙashin wata roba da ta zagaye busta, tsatsa ta ci ƙarfen.

Can, akan aika wa mai mota wasiƙa, ya kai a gyara masa kyauta. To motar da ta riga ta hau jirgin ruwa fa, wa zai aika wa mai ita wasiƙa a Kafanchan ko Numan? Babu. Ta yiwu an gyara kafin a sayar, ta yiwu kuma ba a gyara ba. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta a gindin gilashin gaba ta gefen direba. Ana iya shigar da ita a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka, NHTSA, ko a na kamfanin motar, a ga ko akwai kiran da ba a amsa ba. Shafin hukumar bai cika nuna kiran da ya wuce shekara 15 ba, don haka na 2010 sai a nema a na kamfanin. Ba mu ce za a gyara muku kyauta a nan ba. Amma mutum ya san ciwon da yake gadon gidansu ya fi ya zauna a duhu. Yaranmu da suke kwana a kan waya za su iya duba wannan cikin minti biyar.

Duk da haka kada mu jibga wa Turawa laifin duka. In robar Toyota ta bushe saboda an canza mata mai mai kyau da wani mai kyau, me za mu ce game da abin da muke zubawa a nan? Mun ga ana sayen man birki a tsiyaye cikin tsohuwar kwalba marar murfi. Mun ga wanda ya ƙara da man sitiyari domin shi ne a hannu, alhali irin wannan mai da baƙin mai suna kumbura robobin birki su lalata su duka. Har yanzu ma akwai masu cewa ruwan sabulu yana kai mutum gida. A kan murfin robar man an rubuta irin wanda motar take sha, galibi DOT 3 ko DOT 4. Man nan yana shan danshin iska da kansa, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a zubar da shi a sa sabo duk bayan shekara biyu ko uku. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai awo 205 a ma'aunin Selsiyos, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun wajen 140. Direban da ya kwanta a kan birki tun daga saman doguwar gangara yana dafa man nan ne. In ya tafasa ya zama tururi, ƙafa sai ta tafi ƙasa ba abin da ya kama. Abin mamakin kuwa, bayan mota ta huce birkin yakan dawo kamar ba abin da ya faru. Nan ne mutane sukan taru su taka su ji yana kamawa, su ce lalle wannan ba banza ba, an yi masa aike ne. Ashe tsohon mai ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta ƙaru tun da aka cire tallafin fetur a 2023, watau kashe inji a gangara domin a rage shan mai. Mun riga mun faɗa cewa busta daga inji yake samun ƙarfi. In an kashe inji, abin da ya rage a ciki bai wuce taku biyu ko uku ba, daga nan sai ƙarfin cinyarka kaɗai, sitiyari ma ya yi nauyi. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a kowace daƙiƙa. Fetur nawa aka tsira da shi?

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce malam, kai ba ka san farashin masta ba ne, ga kuɗin makaranta, ga abinci. Mun sani, gama mu ma albashinmu ba ya kai ƙarshen wata. Ba kuma kowane canjin robobi ne mugun abu ba. In cikin masta yana nan sumul, aka sami robobi na ainihi, bakanike mai tsabta ya sa su, zai yi aiki. Amma in tsatsa ta riga ta yi rami a ciki, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, kowane bakanike kuwa ya san haka. Abin da yakan hana shi faɗa shi ne halinmu. Da ya ce a sayi sabo sai mu ce ɓarawo ne, mu tafi gareji na gaba inda za a ce mana "a lallaɓa". Mu ne muka koya musu kalmar nan. Wanda kuɗinsa bai kai na gyaran birki ba, ai ba dole ne motar ta fita ba. A rufe ta da tamfol, a hau ta haya, ba abin kunya ba ne. Sai dai mun lura, mutumin da ya ce ba shi da kuɗin masta yakan sami na sabon fenti da baƙin gilashi kafin Kirsimeti, domin a gan shi a ƙauye.

Kuma jif ɗin iyali a wurinmu ba ta iyali kaɗai ba ce. Ita ce take kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita take ɗaukar amarya, ita ake cika wa 'ya'yan maƙwabta zuwa makaranta. Waɗanda suke hawa ba su san akwai kwalba a ƙarƙashin kujera ba. Mu ma ba mu sani ba ran nan, ba wanda ya tambaye mu ko mun yarda mu gangara Hawan Kibo a haka.

In har abin ya same ka a kan hanya, kada ka kashe inji, kada kuma ka saki birkin don ka ji ya tafi ƙasa. Tun wajen 1968 dokar Amurka ta tilasta a raba masta gida biyu, haka kuma ake ƙera motocin yanzu, domin in gefe ɗaya ya zube ɗayan ya riƙe tayoyi biyu. Sauran birkin yana can ƙasa kusa da daɓe, sai ka taka da iyakar ƙarfinka, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja hambirki a hankali, ba da fizga ba.

Ɗan'uwanmu ya ajiye motarsa mako shida kafin ya haɗa kuɗin masta da busta. Da aka gama, bakaniken ya tsiyaye man da ya taru a tsohon bustan cikin wani gwangwanin madara domin ya nuna masa. Gwangwanin ya cika, da saura.