Fatoman intanet ya san abin da ke cikin kayanka

A makon jiya wani abokina ɗan kasuwa a Maraɗi ya tare ni da tambaya. Ɗansa ne ya nuna masa wani shafi a salula, ya ce masa in ya bi ta nan, babu mai sanin inda ya shiga cikin intanet, ko kamfanin waya, ko hukuma. Ya ce: «Malam, gaskiya ne?» Na ce masa rabin gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa shi nake so mu duba yau.

Abin da yaron ya nuna masa shi ake kira furoksi. Kamar yadda wasu suka sani, duk na'urar da ta hau intanet tana tafe da wata lamba wadda kamfanin sadarwa ya ba ta, kuma duk shafin da ka ziyarta yana ganin lambar, ya gane ƙasarka da kamfaninka. Furoksi wata kwamfuta ce da ke tsayawa tsakani: ka gaya mata shafin da kake so, ta je ta ɗauko da lambarta, ta miƙo maka. Mai shafi ita ya gani, bai gan ka ba.

Kakanninmu fatake sun san wannan tsari tun kafin a yi tangaraho. Falke in ya sauka Kano ko Salaga, gidan fatoma yake nufa. Fatoma ne mai nemo mai saye, shi ne mai tsayawa ciniki, wani lokaci mai saye ya tafi bai ko ga fuskar mai kaya ba. To amma fatoma ya san sunanka, ya san garinku, ya san yawan kayanka da abin da ka samu. Asirinka bai ɓace ba, hannu ya sauya.

Irin shafin da aka nuna wa abokina ma ya fi fatoma sani. Tunda cikin akwatinsa kake rubuta adireshi, shi ke buɗe shafin da kansa ya sake tsara shi kafin ya ba ka, don haka duk abin da ka rubuta, har kalmar sirrin banki ko ta akwatin wasiƙa, ta hannunsa take bi a buɗe. Kuma kyauta ne! Wane ɗan kasuwa ne ya taɓa ganin dillalin da ba ya karɓar la'ada? Na'ura haya ake biya mata duk wata. A 2015 aka gano cewa Hola, wadda miliyoyin mutane ke amfani da ita kyauta, tana sayar da layin masu amfani da ita ga wasu, su bi ta na'urarsu su yi harkarsu.

Ma'aikatan gwamnati kuma su ji wannan. Akwai wani tsari mai suna Tor wanda ya fi furoksi guda tsaro, domin saƙo yana bi ta hannu uku, na farko ya san ka bai san inda za ka ba, na ƙarshe ya san inda za ka bai san ka ba. Duk da haka, a 2007 wani ɗan Suwidin, Dan Egerstad, ya kafa ƴan na'urori a matsayin hannun ƙarshe, ya zauna yana karanta abin da ke wucewa ba a kulle ba. Daga baya ya wallafa kalmomin sirri na akwatunan wasiƙa 100 na ofisoshin jakadanci da na gwamnatoci. Ba ɓalle ƙofa ya yi ba, su suka kawo masa.

Sai masu sha'awar zama fatoma da kansu, don na ji matasa a Yamai da Damagaram suna zancen hayar na'ura a waje su buɗe wa abokai. Aikin ba shi da wuya, nauyin ne babba. Duk ɓarnar da baƙonka ya yi, lambarka za a gani, ƙofarka za a ƙwanƙwasa. In kuwa ka bar ta ba kalmar sirri, ba a daɗewa masu laluben ƙofofi za su same ta. Johan Helsingius na ƙasar Finlan ya kafa wata hidima a 1993 mai cire sunan mai wasiƙa kafin ta isar. A 1995 ƴan sanda suka zo masa da takardar izini bisa ƙarar cocin Sayantoloji, dole ya ba da sunan mutum guda, a 1996 ya rufe gidan. Haka a 2011 kamfanin HideMyAss na Ingila ya miƙa bayanan wani mai amfani da shi bisa umarnin kotu, aka kama mutumin a Amurka. Dukansu biyu rajista suke ajiyewa, abin da aka rubuta kuwa ana iya neman sa.

Ban ce abin ba shi da amfani ba. Lokacin da Cadi ta toshe shafukan zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, da lokacin da Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, da irin waɗannan hanyoyi, musamman VPN, mutane da yawa suka ci gaba da harkokinsu. Amma mu nan mun ga iyakarsu a Fabrairu 2021, sa'ad da aka yanke intanet ɗin salula wajen kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Ƙofa guda ake zagayewa. In an datse hanyar baki ɗaya, ɗan aike ma zaune yake.

Abokina dai na ce masa ya karanta labarai ta shafin in yana so, amma kada ya kuskura ya buɗe asusun banki ko wasiƙun masu kawo masa kaya ta nan. Ya ce to Facebook fa? Na tambaye shi sunan wa ke bisa shafin nasa. Ya ce nasa, har da hotonsa da lambar shago.