LAFIYA UWAR JIKI: Sinadari Ɗaya, Ciwo Biyu

 A wannan wata za mu tattauna a kan marasa lafiya iri biyu da kusan kowane zango yake da su. Na farko shi ne dattijon da hannunsa ke karkarwa, yana tafiya a sunkuye yana jan ƙafa, sai mu ce ai tsufa ne, wasu kuma su ce sammu aka yi masa. Na biyu shi ne saurayin da ya sami taɓin hankali, aka kai shi asibiti ya sami sauƙi, amma bayan 'yan makonni sai jikinsa ya sandare, miyau yana zuba, iyaye su ce maganin asibiti ya kashe masa jiki. To, abin mamaki shi ne, bayanin waɗannan mutane biyu yana komawa ga sinadari guda a cikin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira dofamin.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma akasarinsu ba a manne suke da juna ba. Akwai ɗan gibi tsakanin wannan da waccan. Idan ɗaya tana da saƙo, sai ta saki wani sinadari ya haye gibin ya isar, kamar yadda ɗan aike yake kai saƙo daga gida zuwa gida. Dofamin yana cikin waɗannan 'yan aike. A wata hanya ta ƙwaƙwalwa shi ne yake ba jiki izinin motsi cikin sauƙi. A wata hanyar kuma shi ne yake nuna wa mutum abin da ya cancanci ya mai da hankali a kai.

Idan ƙwayoyin da ke yin dofamin a hanyar motsi suka riƙa mutuwa, sai a sami ciwon da ake kira Parkinson, da sunan wani likitan Landan, James Parkinson, wanda ya bayyana shi a 1817. Alamunsa su ne nawar jiki, da taurin gaɓoɓi, da karkarwar hannu lokacin da mutum yake zaune bai taɓa komai ba, da fuska ta daskare kamar mai fushi. Shi ne ciwon da aka gano a jikin Muhammad Ali a 1984, wato zakaran damben nan da ya ziyarci Gana a 1964. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu wannan ciwo sun haura miliyan 8.5.

A 1957 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, ya ba zomaye wani magani da ya ƙarar masu da dofamin, suka kwanta sun kasa motsi. Da ya ba su lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke juyawa ya zama dofamin, sai suka miƙe. A 1960 aka tabbatar a ƙasar Ostiriya cewa dofamin ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ciwon Parkinson, kafin ƙarshen shekarun 1960 kuwa lebodofa ya zama babban maganin ciwon. Ba ya warkar da shi, amma yana mayar wa mutum da tafiyarsa da ɗaurin wandonsa na tsawon shekaru.

A ɗaya ɓangaren kuma, a irin taɓin hankalin da ke sa mutum jin muryoyi da zargin kowa, aikin dofamin yawa yake yi a hanyar mai da hankali. Sai ƙaramin abu ya zama babba: maƙwabci ya yi tari, majinyaci ya ɗauka da shi ake, rediyo ya yi magana, ya ce shi ake nufi. Akwai sauran sinadarai da gado da wahalhalun rayuwa da shaye-shaye da ke da hannu a ciki, amma dofamin ne magungunan da aka fi bayarwa suke tarewa. Na farkonsu, wanda aka sani da Largactil, an fara gwada shi a kan masu taɓin hankali a birnin Faris a 1952, sannan halofaridol ya biyo baya daga Beljiyam a 1958.

To, a nan gizo ke saƙar. Magani bai san unguwa ba. Idan ya shiga ya tare dofamin don muryoyi su yi shiru, yana iya tare shi har a hanyar motsi, sai saurayi ya koma tafiya kamar dattijo mai ciwon Parkinson. Wani ma wuyansa yakan murɗe, idanunsa su kafe sama, harshe ya fito, mutanen gida su ce aljanu sun tashi. Haka kuma idan lebodofa ya yi wa dattijo yawa, yana iya fara ganin mutanen da babu su a ɗaki. Ashe lamarin kamar sikeli ne, kuma daidaita shi aikin likita ne.

Saboda haka ga abin da muke roƙon iyaye da 'yan'uwa. Idan ɗanku ya sandare bayan fara magani, ku mayar da shi wurin wanda ya rubuta maganin, kada ku zubar da ƙwayoyin. Ana iya rage yawansa, ko a canza wani, ko a haɗa masa da irin su Artane mai sassauta jiki. Mafi yawan wannan sandarewa tana wucewa idan aka gyara. Wanda aka tsayar masa da magani farat ɗaya kuwa, sau da yawa ciwon yana dawowa, daga nan sai a ji an kai shi wani wuri an ɗaure da mari. Mu tuna cewa Gana ta yi dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, wadda ta kare mutuncin waɗannan bayin Allah. Addu'a ba ta hana shan magani, amma ɗauri da duka ba su taɓa daidaita sinadari ba. Idan kuwa sandarewar ta zo da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, to a garzaya asibiti a ranar, kada a bari ya kwana. Shi kuma Artane a ɓoye shi da kyau, domin akwai samarin da ke sha don maye.

Ga dattawanmu masu karkarwa, kada a yi jinkirin kai su. Wasu kan ce gara a ajiye lebodofa sai ciwo ya yi tsanani don kada jiki ya saba. Wani bincike da likitocin Gana da na Italiya suka yi a kan majinyata a nan Gana, aka buga a 2014, ya nuna cewa jinkirin bai hana matsalolin da ake gudu ba. Tsawon shekarun ciwon da yawan maganin su ne suka fi tasiri. Wato wanda ya jinkirta ya yi asarar shekarun da zai mora ne kawai. A kuma lura, nama da wake da yawa suna iya rage shigar maganin, don haka a tambayi likita lokacin da ya fi dacewa a sha. Tafiya da motsa jiki kullum suna taimakawa ƙwarai.

Wasu za su ji labarin cewa 'ya'yan karara, tsiron nan mai ƙaiƙayi, suna ɗauke da lebodofa. Gaskiya ne, kuma masana suna nazarinsa saboda tsadar maganin kanti. Sai dai ƙarfinsa yana bambanta daga wannan iri zuwa wancan, kuma mun ga abin da yawan lebodofa ke jawowa. Kada kowa ya daka ya ba tsohonsa ba tare da sanin likita ba.

Rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya bayyana wa wanda bai karanta ba, musamman iyayenmu mata da nauyin jinya ke kansu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.