RANAR AL'ADU TA WUCE, TO SAI ME?

Na san wannan rubutun zai sosa wa wasu rai, musamman waɗanda muka yi ta kai-komo tare a kwamitin Ranar Al'adu. Ku yi haƙuri, ni ma sunana na cikin takardar kwamitin, ban cire kaina daga laifin ba. Amma abin ya tsaya min a maƙogwaro tun ranar Asabar, ga shi an gama jarrabawa, nan da kwana biyu kowa zai ɗaure jakarsa. Gara in faɗa tun muna ganin juna.

Mun yi biki, ba ƙarya. Mun kama zaure, mun yi hayar rawani da alkyabba, mun naɗa "sarki" da "waziri" na awa uku, 'yan mata sun sha lalle, di-je ya cika mana kunne. Hotuna sun yi kyau, har yanzu ana ta yaɗa su. Abin da ba a ɗauka a hoto ba shi ne Baba mai kalangu, dattijon da ni da kaina na je Sabo na roƙa ya zo. Tun ƙarfe sha ɗaya ya iso, da jikansa riƙe da ƙaramar ganga. Aka ajiye su a benci bakin ƙofa. Sai bayan la'asar aka kira shi, bai yi minti biyar ba mai gabatarwa ya karɓe makirfo, wai babban baƙo yana sauri. Kuɗin sallamar da aka dunƙula masa, wallahi bai kai abin da muka kashe a ruwan leda ba. Di-je kuwa tun kafin ya jona waya aka tura masa nasa cif.

A cikin Micra muna komawa Mokola, Baba bai ce uffan a kan kuɗi ba. Tambaya ɗaya ya yi min: "Ɗana, waɗannan yaran masu rawani, 'ya'yan wane sarki ne?" Na ce Baba ai kayan haya ne, gobe za a mayar. Ya yi 'yar dariya ya juya yana kallon titi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

To jama'a, mu gaya wa kanmu gaskiya. Abin da muke yi duk shekara wasan kwaikwayon al'ada ne. Mu sa ta da safe, mu tuɓe ta da yamma, mu mayar wa mai haya. Masu al'adar na ainihi suna nan Sabo, mota ɗaya ce daga ƙofar makaranta. Akwai makaɗa, akwai masu ɗinkin hula da hannu, akwai dukawa, akwai malaman da ke zayyanar allo, akwai tsofaffin mata da in suka fara tatsuniya sai ka manta da waya a aljihu. Ba mu san su ba, ba mu tallata su ba, in ma mun kira su sai mu biya su da "Allah ya saka".

Kuma ga hutu ya zo, sati uku ko huɗu. Me muke yi da shi? Waɗanda iyayensu ke Arewa za su hau mota su tafi, Allah ya kiyaye hanya. Amma mu fa da aka haifa a nan? Ni kakana goro ne ya kawo shi Ibadan daga Kano, mahaifina a Sabo aka yanke cibiyarsa, ni ma haka. Irina suna da yawa a makarantar nan, 'yan Sabo, 'yan Sasa, 'yan Ojoo, 'yan Shagamu, 'yan Agege. Hutunmu a nan yake. Kuma abin da muke yi da shi bai wuce barci, gidan kallon ƙwallo, da ƙona data ba. Ƙannenmu suna zaune, sun iya duk rawar da ta fito a TikTok, amma ka ce su yi langa su tsaya suna kallonka. A layinmu na manta rabon da in ga yara sun fito tashe in azumi ya kai goma. Ƙanwata 'yar shekara tara ta tambaye ni ko gaɗa sunan abinci ne.

Sabo fa ba jiya aka kafa ta ba. Tun 1916 take, ta haura shekara ɗari. Fataucin goro da shanu ne ya gina ta, har wani masani mai suna Abner Cohen ya zo ya yi bincike a cikinta ya rubuta littafi sukutum a kan Hausawan unguwar, ya fito a 1969. Baƙo ya ga abin rubutawa a kanmu. Mu 'ya'yan gida masu digiri a hanya, ko ɗan bidiyo na minti goma ba mu taɓa ɗaukar wani dattijo yana ba da tarihin layinsu ba.

Ku dubi maƙwabtanmu mana. Duk wanda ke riƙe da waya ya ga hotunan Ojude Oba na Ijebu-Ode. Kwana na uku bayan Babbar Sallah ake yi, kuma asalinsa Musulmin garin ne ke zuwa gaida sarkinsu, Awujale. Wato kusan abin da muke kira gaisuwar sallah. Yanzu dubi inda suka kai shi. Ƙungiyoyin sa'o'i, waɗanda suke kira regberegbe, kowace ta ɗinka ankonta, gidajen Balogun su fito da dawakai, 'ya'yan garin su taso daga Legas da Landan don kwana ɗaya tak. A 2024 hoton wani mutum a kan doki ya zaga duniya, mu ma nan muka yi ta turawa juna muna cewa "kai, Yarbawa sun iya gayu". Ba gayu ne kawai ba. Tun watanni kafin ranar suke tara kuɗi, masaƙa su samu ciniki, teloli su samu, makaɗa su samu, masu abinci su samu. Sai da suka cika filin da kansu shekara da shekaru kafin kamfanoni su fara rububin manna sunansu.

Har makaɗansu ba su yar ba. Akwai gidajen da kiɗa gadonsu ne, za ka ji sunayensu na farawa da Ayan, kuma yaron gidan ba ya jin kunyar rataya ganga ko da yana jami'a. Gangar tasu da kalangunmu 'yan uwan juna ne, duka matse tsirkiya ake su yi magana. Mu kuwa ɗan Baba na fari ya ajiye kalangu ya kama acaɓa, kuma ban ga laifinsa ba. Wa zai riƙe sana'ar da ake biyanta da addu'a?

Na san abin da za a ce. Na farko, babu kuɗi, gwamnati ba ta taimakawa. Haba! Kuɗin hayar alkyabba daga ina ya fito? A wannan garin na Ibadan, a 1961, wasu marubuta da masu zane, cikinsu har da Wole Soyinka, suka buɗe kulob ɗin Mbari a Dugbe, a harabar wani gidan abinci. A shekarar da ta biyo Duro Ladipo ya buɗe irinsa a Osogbo, a gidan mahaifinsa. Ba su jira an gina musu katafaren zaure ba. Mu muna da filin makarantar firamare da ke zaune fayau duk tsawon hutu, muna da masu kanofi da kujeru a unguwa, muna da ɗalibai da suka iya haɗa fasta a waya cikin minti ashirin. In zaɓen ƙungiya ya zo, har bangon banɗaki sai an manna hoton ɗan takara. Wannan ƙwazon ina yake tafiya in an ce a tallata mai ɗinkin hula?

Na biyu, za a ce addini. A nan zan taka a hankali, ni ba malami ba ne, ba na ba da fatawa, kuma ina girmama duk wanda ya ƙaurace wa kiɗa saboda fahimtarsa. Tambayata ɗaya ce: ranar Asabar da di-je ya saki waƙoƙin da ba za ka iya saurare a gaban mahaifiyarka ba, ina masu wannan maganar suke? Wasunsu a sahun gaba na gan su. Sai an ambaci kalangu ko gaɗa ne ake tuno da haramci? To na ji, mu ajiye kiɗa gefe. Kacici-kacici fa? Karin magana? Langa, dara, kokawar yara? Baje kolin huluna da takalman fata? Koya wa yara rubutun ajami? Gasar alkaki da nakiya tsakanin iyayenmu mata? Wanne ne a ciki ya saɓa wa shari'a? A ware wajen mata, a tsaya in an kira sallah, a tashi kafin magariba. Ba abin da ya gagara.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni haushi: wai al'ada tana Arewa, wanda ke so ya je Kano ya ga hawan daushe. Madalla, hawan sallar Kano abin alfahari ne, a Disambar 2024 ma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Amma yaron da ubansa ke faskaren nama a Bodija, yaushe zai je Kano? Sai ya yi ta jira har ya girma bai san komai nasa ba sai suya? Wannan maganar ita ce ke sa 'yan Arewa su ce mana Yarbawa, Yarbawa su ce mana baƙi, mu tsaya a tsakiya kamar jemage.

Akwai kuma abin da ba ma son tunawa. A Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Sasa, an rasa rayuka, an ƙona shaguna da gidaje. Ba na cewa wasan langa zai hana faɗa, ban kai nan wauta ba. Amma yawancin abokan karatunmu ba su san mu ba sai a matsayin masu albasa, masu canji da masu tsire. Abokina Bayarabe da muke ɗaki ɗaya shekara biyu, bai taɓa shiga Sabo ba sai in zai canza dala. Da akwai ranar da zai zo da ƙannensa su zauna su ci masa, su ga zayyana, su ji Baba yana kiran sunan mutum da ganga, da in an ce "Hausa" wata fuska zai tuno, ba jita-jitar WhatsApp ba.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba daga shugabannin ƙungiya kaɗai ba. Asabar biyu kacal a cikin hutun nan. Mu fara zuwa wurin masu unguwa da limamai mu nemi izini da albarkarsu, don ba a yi wa dattawa shigar sauri. Duk wanda za a gayyata ya nuna sana'arsa, a yi ciniki da shi tun farko, a biya shi kafin ya tashi, ba ragowar canji ba. Masu iya hoto su ɗauki mai sana'ar da kayansa da inda ake samunsa, ba fuskokinmu ba. 'Yan sashen tarihi da harsuna, ga aikin kundin kammala karatu nan a ƙofar gidanku kuna ta kwafe-kwafe a intanet. 'Yan uwa mata, ku kuka san gidajen da gwanayen kitso da lalle da waƙar daka suke, mu ba za mu iya shiga ba. Waɗanda za su tafi gida kuma, ku bar mana ko kuɗin katin waya ɗaya kafin ku hau mota.

Jiya na koma wurin Baba da ɗan abin da na iya haɗawa daga aljihuna, na ba shi haƙuri. Na tarar yana canza wa kalangun fata, jikan na riƙe masa tsirkiya. Na gaya masa abin da nake tunani. Ya ce zai zo, amma da sharaɗi: kada a sake ajiye shi a bakin ƙofa, kuma a bar yaron ya buga ko sau ɗaya a gaban mutane, don ya fara cewa shi ma babur yake so.

Na amsa masa da to, alhali ban da fili, ban da kanofi, ban da kwamiti. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan tsaya a bakin ƙofa da littafi da biro. Ma'ajinmu, don Allah ka taho da rasit ɗin kuɗin ranar Asabar, muna so mu ga abin da ya rage.