Na'urar Gano Tsagewar Kwalta Da Hanyoyin Nasko

Manomin da ke kai masara ko dawa daga Nasko, hedkwatar ƙaramar hukumar Magama, zuwa kasuwar Kontagora ya san cewa kuɗin mota yana hawa ne gwargwadon lalacewar hanya. Sai dai ramin da ke fasa taya ba rana ɗaya yake haƙuwa ba. Wata siririyar tsaga ce ke fara bayyana a kwalta, ruwan damina ya bi ta cikinta ya jiƙa jar ƙasar da aka shimfiɗa kwaltar a kai, sa'an nan manyan motoci su ƙarasa ɓarnar.

Tun a 1988 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na dala biliyan 45, alhali gyaran dala biliyan 12 a kan kari da ya tsare su. Ke nan toshe tsaga tun tana ƙarama shi ne aiki mafi riba, amma sai an gan ta tukuna.

A nan ne kwamfuta ta shigo. A 2018 masu bincike na Jami'ar Tokyo ta ƙasar Japan suka nuna cewa wayar hannu da aka kafa a gaban mota tana iya ɗaukar hotunan titi, kwamfutar da aka koyar da hotuna fiye da 9,000 kuma ta tantance irin lalacewar. Ga jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin injiniyoyi ba za su iya taka kowace hanya da ƙafa ba. Bugu da ƙari, jerin da na'ura ta fitar bai san garin da ke da babban mutum a Minna ko Abuja ba.

Ya kamata hukumar FERMA, wadda aka kafa a 2002, da gwamnatin jiha su gwada wannan dabara, amma da hotunan hanyoyinmu, domin ƙurar hunturu tana rufe tsaga, kuma yawancin hanyoyin ƙauyukan Magama ba su taɓa ganin kwalta ba. Abin da ya fi wannan wuya shi ne Baitulmali. Tsagar da aka gano a Nuwamba tana bukatar kuɗin gyara kafin ruwan Mayu, in kuwa aka sake su a Agusta, to rami za a je cikewa.