Takardar Saki: Garkuwar Mai Gini Ko Tarkon Ƙaramin Ɗan Kwangila?

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen kuɗi na Ma'aikatar Ayyuka ya san biyan babban ɗan kwangila daban, sallamar birkila da kafinta da mai kawo siminti daban. Sau da yawa kuɗi kan fita daga baitulmali ya maƙale a hannun mutum guda. Ya kamata mu dubi yadda Amurka ta ɓullo wa wannan al'amari.

Tun cikin 1791 Jihar Maryland ta kafa doka domin jawo magina zuwa aikin sabon birnin Washington. Dokar ta ba wanda ya yi aiki ikon ɗora bashinsa a kan ginin, watau ginin ya zama jingina, kotu kuma tana iya sa a yi gwanjonsa. Yanzu kowace jiha tana da irinta. A Kalifoniya, ko mai gini ya biya babban ɗan kwangila cif, muddin shi bai sallami na ƙarƙashinsa ba, suna iya bin ginin, mai shi ya biya sau biyu.

Daga nan takardar saki ta samo asali. Kafin mai gini ko banki ya fitar da kuɗi, sai kowane mai haƙƙi ya sa hannu cewa ya janye ikonsa na jingina gwargwadon abin da ya karɓa. Dokar Kalifoniya ta tsara iri huɗu: biyu na biyan da ake yi aiki na tafiya, biyu na biyan ƙarshe, a kowane ɓangare kuma akwai mai sharaɗi da marar sharaɗi.

A nan gizo ke saƙa. Mai sharaɗi ba ta aiki sai kuɗi ya shiga hannu. Marar sharaɗi kuwa tana kama mutum da zarar ya sa hannu, ko da banki ya dawo da cek. Ƙaramin ɗan kwangila da leburori suka tsare shi a ƙofar gida yakan sa hannu bisa alkawari kawai, ya wayi gari ba kuɗi, ba jingina. Shi ya sa dokar ta wajabta rubuta gargaɗi ɓaro-ɓaro a jikin takardar.

Ginin gwamnati kuwa ba a jinginar da shi. Saboda haka Dokar Miller ta 1935 ta tilasta wa mai babbar kwangilar Gwamnatin Tarayyar Amurka ya kawo kamfanin da zai tsaya masa, wanda zai biya ƙananan in shi ya gaza.

Mu a Nijeriya, dokar Ingila da muka gada ba ta ba magini irin wannan iko a kan gini ba. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ce biyan da ya wuce kwana 60 ya zama jinkiri, akwai kuɗin ruwa a kansa, amma wannan kariya ce ga wanda ya ƙulla kwangila da gwamnati, ba ta kai ga birkila ba.

Abin koyi a nan a fili yake. Ma'aikatu suna iya sanya sharaɗi cikin kwangila cewa ba za a biya kashi na gaba ba sai an ga shaidar sallamar waɗanda suka yi aikin kashin baya. Ƙananan 'yan kwangila kuma su riƙe ƙa'ida guda: kada hannu ya riga kuɗi.