Malamar Da Ajinta Ke Bisa Teku

Idan aka ambaci jirgin ruwan asibiti, abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne likitan fiɗa da wuƙarsa. Ba safai a kan tuna da malamar da ke can wani ɗaki a cikin jirgin, tana koya wa 'yan shekara huɗu rera baƙaƙe ba. Alhali kuwa ba don ita ba, da likitoci da dama ba su zauna ba.

Ƙungiyar Mercy Ships, wadda wani Ba'amurke Don Stephens da matarsa Deyon suka kafa a Suwizalan a 1978, ƙungiya ce ta Kiristoci mai kai tiyata kyauta gaɓar Afirka: yanar ido, tsagaggen leɓe, maƙoƙo, da yoyon fitsari. Jirginta Africa Mercy, wanda asalinsa fiton jiragen ƙasa ya ke yi a Danmak, ya soma wannan aiki a 2007. Ya yada zango a Kwatano a 2016, sa'an nan Duwala ta Kamaru a 2017, ya yi kamar wata goma a kowacce. Ƙaninsa Global Mercy, wanda aka ƙera a Sin, ya fara tiyata a Dakar a 2023.

To, matuƙi ko injiniya ko likita mai iyali ba zai yi shekaru a kan ruwa ba, in 'ya'yansa za su tashi ba karatu. Saboda haka aka buɗe makaranta a cikin jirgin, tun daga ajin yara ƙanana har ƙarshen sakandare, ana koyarwa da Turanci.

Malamar da ta amsa wannan kira, shirinta na farko na aljihu ne, gama aikin na sa kai ne, ba albashi. Shekara da shekaru ma'aikatan jirgin sun riƙa biyan kuɗin makwanci da abinci a baya, da gudummawar da suka tara daga dangi da majami'u. Daga nan sai allurar shawara, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da horo a cibiyar ƙungiyar a jihar Tekzas.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Wuyar aikin tana cikin ajin kansa. Yaro ƙarami halittarsa gudu ce da tsalle da wasan ƙasa, ga shi kuwa an sa shi cikin gidan ƙarfe mai matsattsun hanyoyi da matakala, marasa lafiya na kwance a hawan ƙasa. Tilas malama ta san yadda za ta fitar da wannan kuzari a ɗan filin da ke saman jirgi, ba tare da ta ɗauke ido ba ko na ƙiftawa. Wurin ajiya kaɗan ne, kantin littattafai kuma ba a bakin ƙofa ya ke ba. Abin da aka manta sai a jira kwantena. Ranar da jirgi zai tashi, kabad da allo da akwatin fenti duk sai an ɗaure su tamau, ko kuwa igiyar ruwa ta watsar. Da ƙararrawar gwajin gobara ta kaɗa, ita ce za ta jera yaranta, ta ƙirga su, ta kai su matattara ba wanda ya ɓarke da kuka.

Akwai kuma abin da littafin horon malamai bai cika faɗa ba. Yaran sun fito ne daga ƙasashe daban-daban, wani da Holanci ya ke mafarki, wani da Faransanci. Iyayensu kuwa maƙwabtan malama ne, ɗakin cin abinci guda. Ba ta da damar a tashi makaranta ta tafi gida ta huta da su. Mafi nauyi shi ne rabuwa. Ma'aikata da yawa makonni kawai su ke yi su wuce, iyalai ma wa'adinsu kan cika. Yaro ɗan shekara biyar sai ya wayi gari abokinsa ya sauka da jakarsa, ya nufi wata nahiya. Malamar da ta san aikinta takan ware lokacin sallama, a zana hotuna, a nuna wa yara ƙasar da abokin ya tafi a taswira, kafin a koma kan ƙirga.